Idon Zomonmu Na Hagu

Ku matso kusa, 'yan'uwa, yau da zafinsa na kawo muku. Ina rubutun nan ƙasan farcena cike da ruwan fure.

Ga sababbin zuwa, ni ce Dorien, 'yar Toon Verdaasdonk ta unguwar Vaarkant. A garinmu Aardonk mutum yakan sauya aiki, ya sauya ƙungiyar ƙwallo, ya sauya miji ma in ta kama, amma ba ya sauya unguwa. Gobe Lahadi ne bikin furenmu, kowace unguwa za ta turo keken furenta, wato katafariyar amalanke da aka ƙawata da fure, gaban alƙalai. Bana mahaifina, Pa, shi ya zana namu: zomo mai barci wanda ya fi gidanmu tsayi, an lulluɓe shi da furen daliya tun daga kunne har jela. In ya iso gaban alƙalai, sai ya buɗe ido a hankali ya dubi jama'a. Duk sirrin keken ke nan. Idanun nan kuwa, ni aka ba.

Kowace fatar ido tana da servo ɗinta, ɗan inji mai girman sabulun wanka da ke juyawa daidai inda aka ce ya tsaya. Mai ba su umarni wani ɗan allo ne da bai kai tafin hannuna ba, ni na rubuta masa abin da zai riƙa faɗa musu. Duk bazarar nan idanun suna buɗewa sumul kamar na jariri. Har na fara ɗaga hanci.

Da safe na sauko kicin sanye da jar rigar unguwarmu da wandon aikina mai aljihu bakwai, gashi a tufke da fensir a soke. Ma tana jera burodi mai nama a faranti.

"Haka za ki fita?"

"Tantin haɗa keke za ni, Ma, ba ɗaurin aure ba."

"Da wannan shigar ai ba za ki taɓa zuwa naki ba. Rutger zai zo taya mu yau."

"Allah ya ba shi lada."

"Na kuma gayyace shi cin abinci gobe bayan biki."

"Ma!"

"Me? Likitan haƙori ne, yana da gidansa, kakansa a Vaarkant aka haife shi. Ƙanwarki har ta yi ɗa. Ke kuma kin auri waya da batir."

Wayar hannuna ta yi motsi a aljihu. Na leƙa ta ƙarƙashin tebur. Sunan da ya fito shi ne "Laburare." Kun dai san wane ne. Joris ne, wanda na haɗu da shi a garin Breda wurin da masu son haɗe-haɗen lantarki ke taruwa, ranar da ya ari ƙarfen narka dalmata ya mayar mini da shi tare da kofi. Laifinsa ɗaya tak a duniya: ɗan unguwar Hoge Akker ne, masu koriyar riga, waɗanda suka ƙwace mana kofin gasar bara da tazarar da Pa har yau ba ya iya furta ta. Mahaifinsa Sjef shi ne shugabansu.

*Barka da safiya, abokiyar gaba. Gobe za ku sha kashi.*

*Ka tanadi hankici,* na rubuta.

*Na tanada. Na share miki hawaye ne.*

"Me ya sa ki murmushi?" in ji Ma.

"Laburare ne."

"Wannan laburaren naku yana da ban dariya ƙwarai," ta ce, ta bi ni da wani kallo.

Tantinmu ya cika maƙil. Akwatunan fure sun yi tudu, kiɗa na tashi, mutane sun ɗare matakalan ƙarfe kamar tururuwa a jikin rake, kowa da gwangwanin ƙananan ƙusoshi yana kafa fure ɗaya bayan ɗaya. Ƙanshin daliya da kofi da jiƙaƙƙen katako ya gauraye. Ban san wanda zai shiga wurin nan zuciyarsa ba ta yi tsalle ba. Pa ya tafi gona da tarakta ɗebo sauran fure. Ma kuwa ta ja Rutger, da farin takalminsa, suka hau can sama wajen fuska, ta ce ita da kanta za ta kafa furen idon da aka ba 'yarta.

Da aka gama fuskar bayan azahar, na shiga cikin kan zomon ta ƙofar da ke bayan kunne, na zauna a ɗan bencina, na leƙo na ce, "Jama'a, ku dubi ikon Allah!"

Aka kashe kiɗa. Na danna maɓalli.

Idanun suka ɗaga kaɗan, suka kama kyarma kamar mai zazzaɓi, suka faɗo. Fitilar allon ta mutu ta dawo. Na sake dannawa. Haka dai.

"Zomon ya sha giya ne?" wani ya ɗaga murya daga ƙasa. Tanti ya kwashe da dariya. Ni ma na yi ta yaƙe.

Na buɗe laftof na bi umarnin layi-layi. Babu abin da ya canza. To me ya canza? Fure! Duk gwajin da na yi, fatar idon ba ta da kaya. Yanzu an ɗora mata jiƙaƙƙun daliya. Na ɗauko mitar auna wuta na sa a kan wayoyin, na danna. Da servo suka yunƙura sai wutar ta zube ƙasa warwas. Ashe su da allon daga kwano ɗaya suke ci, in sun ja da ƙarfi sai allon ya suma, ya farfaɗo, ya fara daga farko.

"Na kama ka!" na yi ihu ni kaɗai.

Na aika aka ciro mini batirin babur, na haɗa shi da abin rage wuta, na ware wa servo nasu abincin daban. Na danna ina taƙama.

Wayyo. Idon dama ya buɗe, na hagu ya rufe, suka shiga fari da ido kamar 'yar rawa. Wata yarinya ta fashe da kuka a ƙasa. Na dafe kai. Sai idona ya faɗa kan baƙar wayar batirin tana lilo ita kaɗai. Dorien, Dorien! Na raba musu kwano amma na manta ban haɗa baƙar wayarsu da ta allon ba, to da me za su gane maganarsa? Na narka dalma na haɗe su, na ƙara kafasita don ta riƙe musu wuta lokacin yunƙuri.

Idon dama ya buɗe a hankali, lumshe-lumshe, kamar mai tashi daga barci mai daɗi. Tanti ya ɗauki tafi.

Na hagu ya kai rabi ya tsaya. Ya yi gurnani. Sai na ji *ƙarrr, tas-tas-tas.* Fatar ta faɗo.

Na kwance servo ɗin, da zafinsa kamar dankalin da aka ciro daga wuta. Da na buɗe cikinsa, haƙoran giyar da ke juya shi, na roba ne, duk sun zube. Na sauko da shi a hannu na nuna wa kakata, Oma Mien, wadda ke zaune bakin ƙofa tana tsinke ganyen fure, da gyalenta mai ɗigo-ɗigo a wuya.

"Dubi, Oma, ya zama kamar bakin tsohuwa."

"Ki iya bakinki. Nawa suna nan, a kofi dai suke kwana. Ba ki da wani?"

Ina da guda ɗaya na ajiya. Na hau na ɗaura shi. Ya buɗe ido sau biyu, a na uku, *tas-tas-tas.* Shi ma ya tafi.

Ba ni da wani kuma. Shagunan da ke sayar da irinsa sun rufe, in na yi oda kuma sai Litinin. Rutger ya leƙo ta ƙofar kunne da fure maƙale a gashinsa.

"Ko a manne idon a buɗe kawai? Wa zai lura?"

"Zomo mai barci da ido ɗaya a buɗe, Rutger?"

"Ai haka suke barci, na taɓa karantawa."

Ba mugu ba ne, ku fahimce ni. Amma a lokacin da ina da ƙusa a hannu, da wani labarin kuke karantawa.

Na san mutum ɗaya a garin nan da ke da servo mai giyar ƙarfe. Na ciro waya.

*Kana da mai haƙorin ƙarfe na ajiya?*

*Me ya faru?*

*Ba zan iya faɗa ba.*

*Nawa suka mutu?*

*Biyu. A wuri ɗaya.*

*To kada ki sa na uku. Wani abu ne ke cinye su. Ina zuwa.*

*Ka haukace? Za su yi gunduwa-gunduwa da kai!*

Bai amsa ba. Na sauko da gudu na durƙusa gaban Oma, na raɗa mata komai a kunne, har da laburare. Ko gezau ba ta yi ba.

"Ɗan Sjef? Mai dogon wuyan nan? Ai na gan ku a tashar bas tun cikin hunturu."

"Oma! To yanzu ya zan yi? Ɗan wata unguwa ba ya ganin keke kafin biki."

"Gani aka hana," ta ce, tana kwance gyalenta. "Ba a hana shiga ba."

Sai ga shi a kan kekensa, ko cire koriyar rigar bai yi ba, da ɗan akwati a hammata. Gashinsa a hargitse, kumatunsa sun yi ja don gudu. Samarinmu suka taso suka tare ƙofa.

"Kai, ɗan Hoge Akker, ɓata ka yi?"

"Leƙen asiri aka aiko ka? Ku ba shi fure ɗaya ya kai wa ubansa ya ga yadda ake yi!"

Oma ta miƙe da sandarta. "Ku matsa, 'yan banza, duk na san ku tun kuna fitsarin kwance. Sunkuyo, yaro."

Ya sunkuya. Ta ɗaure masa ido tamau da gyalen, ta ɗaga yatsu a gabansa. "Nawa ne nan?"

"Ban gani ba, Oma Mien, amma gyalen yana ƙanshin kirfa."

"Yana da ladabi," ta ce. "Ja shi ki tafi."

'Yan'uwa, na kama hannun Joris a gaban unguwarmu kaf. A gaban Ma, wadda ta saki baki da gwangwanin ƙusa a hannu. A gaban Rutger. Na ja shi tsakiyar tanti ana shewa ana buga ƙarfe, wasu na masa waƙar tsiya, shi kuma yana ɗaga musu hannu ta inda ba kowa. Na rantse ban taɓa jin daɗi irin na lokacin ba.

"Taka. Ƙara ɗaya. Sunkuyar da kai. A'a, hagu!"

Ya buga goshi. "Wash! Wannan wane irin dabba ne mai ƙunci haka?"

"Wa ya ce maka dabba ne?"

"Gwadawa na yi."

Muka zauna a bencin da aka yi don mutum ɗaya, gwiwa na gogar gwiwa. Ya ce, "Cire sandar da ke haɗa servo da abin da yake ɗagawa. Sa hannuna a kai."

Na ɗora tafinsa a kan ƙarfen. Ya ɗaga a hankali, kansa a karkace yana saurare. Ya sauke. Ya sake ɗagawa.

"Kin ji? Daga farko sumul. A tsakiya sai ya cije. Ba nauyi kaɗai ba ne, wani abu yana karta. Kawo hannunki."

Ya ɗora hannuna a ƙarƙashin nasa muka ɗaga tare. Na ji shi, ɗan *kirrr* a cikin ƙarfen. Na kuma ji wani abu dabam da ba na ƙarfe ba, amma wannan ba ruwanku.

Na kunna fitilar wayata, na kwanta rigingine, na tura kaina ƙarƙashin fatar idon. Sai ga su suna ƙyalli: tsinin ƙusoshi jere reras, sun huda sun fito ta ciki, sun yi wa ƙwayar idon zane kamar kyanwa ta yaƙushe ta. Dogayen ƙusoshi ne, irin na kafa manyan furen baya.

Na leƙo ta kunne. "Wa ya sa dogayen ƙusoshi a idon hagu?"

Rutger ya dubi takalminsa. Sai Ma ta ɗaga hannu a hankali.

"Ni ce. Gani na yi idon zai riƙa motsi. Na ce kada furen 'yata su zube a gaban mutane."

Duk rayuwata haka Ma take, in ta so ka sai ta kafe ka da doguwar ƙusa.

"Hawo da filaya, Ma," na ce. "Ke za ki riƙe mini fitila."

Ta hawo. Mu uku a cikin kan zomo, kamar kifin gwangwani. Ina datse tsinin ƙusoshi, Ma na haskawa, Joris na ɗaga fatar yana cewa "saura kaɗan, can gefe." Ma ta ƙare masa kallo daga sama har ƙasa, tunda ba ya ganinta.

"Kai ne laburaren?"

Na kusa datse yatsana.

"Ni ne, ranki ya daɗe," ya ce. "Muna buɗewa kullum."

Ma ta danne dariya har fitilar na rawa. "Ka ci abinci?"

"Tun safe dai."

"Hm. Haka 'yan Hoge Akker suke, sai a bar yaro da yunwa."

Da muka gama, na ce nauyin furen ma bai kamata a bar wa servo shi kaɗai ba. Na sa aka miƙo tsohon tiyub na keke, na yanka, na ɗaure shi daga fatar zuwa ƙarfen sama don ya riƙa tayawa. Yanzu da ɗan yatsa ɗaya ma sai ta ɗagu. Joris ya buɗe akwatinsa da lalube ya miƙo mini servo ɗin, mai nauyi, mai sanyi, haƙoransa na ƙarfe. Na ɗaura, na daidaita shi a tsakiya kafin na mayar da sandar, na rage masa iyakar juyawa a cikin umarnin don kada ya riƙa tura abin da ya riga ya kai ƙarshe.

"Danna," in ji Ma.

"Tsoro nake ji."

"Danna, abokiyar gaba," in ji Joris.

Na danna.

Daga ciki ba a ganin fuskar, sai haske. Haske ya fara shigowa ta dama da hagu lokaci guda, siriri, yana faɗaɗa, yana faɗaɗa, babu kyarma, babu gurnani, har ya cika kan zomon ya zuba a fuskar Ma. Sai tantin ya fashe. Ihu, fito, ana dukan matakala da guduma, wani ya saki kiɗa har ƙarshe. Na ƙanƙame Joris ina tsalle a zaune, Ma na dukan bayansa tana cewa, "Ya buɗe! Ya buɗe, yaro, ya buɗe!"

"Idon mene ne ya buɗe?" yake tambaya yana dariya. "Ku gaya mini mana!"

Muka sauko da shi ana ta kai masa duka a kafaɗa, waɗanda suka tare shi ɗazu har da tura masa burodi mai nama a baki. Sai na lura kiɗan ya mutu. Mutane suka dare biyu.

Pa ne tsaye a ƙofa, takalman gonarsa duk laka, akwatin jan fure a hannu. Ya ɗaga kai ya dubi zomonsa, wanda ke lumshe ido yana buɗewa. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya sauke ido kan koriyar riga. Sannan kan hannuna da ke cikin hannun mai rigar.

Ban saki ba. Ku rubuta wannan ku ajiye: ban saki ba.

"Wannan ɗan Sjef ne," in ji Pa.

"Shi ne, Pa. Sunansa Joris. Servo ɗinsa ne a idon hagu."

"Ubanka ya san ka kawo?"

"Bai sani ba, Malam Verdaasdonk."

"Ya san da ita?"

"Wannan ma bai sani ba. Amma ni na sani, tun tuni."

Wani ya yi fito a can sama, Oma ta ɗaga masa sanda.

Pa ya ajiye akwatin a hankali. "To ji nan, yaro. Ka yi mana alheri, ba zan ci in goge baki ba. Ga ƙofa nan, Dorien za ta raka ka da gyalenka, ka koma wa naku, ba ka ga komai ba, ba wanda zai ce ka ci amanar kowa. In kuma kana son ganin abin da ka gyara, sai ka cire. Amma idon da ya ga zomona ba ya fita tantin nan sai an turo keke gobe. Nan za ka zauna ka kafa fure da mu."

"Pa, suna buƙatarsa can! Shi ke kula da injinan kekensu!"

"Shi na tambaya."

"Zomo," in ji Joris a hankali. "Ashe zomo ne."

Pa ya dafe baki. Shi da kansa ya fasa ƙwan! Dariya ta ɓarke, har Pa sai da kunnuwansa suka yi ja.

Na matso na raɗa masa, "Kada ka cire. Babanka zai kashe ka. Ka tafi, za mu yi magana bayan biki."

"Injinanmu lafiyarsu ƙalau, ƙanena ya san maɓallan," ya ce. "Ni kuma na gaji da zama laburare."

Ya kai hannu bayan kansa ya kwance ƙullin. Gyalen ya zame. Ya ƙifta ido, haske ya dame shi. Ga zomo nan a gabansa, tsayin gida, jan fure da fari da ruwan hoda, abin da unguwarsu za ta ba da komai don ta gani. Bai ɗaga kai ba. Ni ya kalla.

"Akwai baƙin mai a hancinki," ya ce.

Ya ninke gyalen ya miƙa wa Oma da hannu biyu, ya juya wajen Pa. "Ina gwangwanina?"

Ma ce ta miƙa masa nata. "Gajeru ne," ta ce. "Na duba."

Pa bai yi murmushi ba, amma ya nuna masa matakala da haɓa. "Kunnen dama. In na ga fure ɗaya a karkace, a cikin kan zomon zan rufe ka."

Joris ya sa ƙafa a matakin farko ke nan sai muka ji ƙarar tarakta ta tsaya a waje, ba tamu ba. Aka kashe inji. Wata murya mai kauri, wadda duk Aardonk ta san ta, ta ratso tantin.

"Toon Verdaasdonk! An ce ɗana yana ciki!"

Pa ya dube ni, ya dubi Joris, ya gyara zaman hularsa. Sai ya ɗauki kofi biyu daga tebur, ya cika su, ya nufi ƙofa.

"Ku ci gaba da aiki," ya ce. "Wannan maganar ta iyaye ce."